Dashen Huhu: A Fara Kare Abin da Ke Hannu Kafin a Sayi Na'ura



Duk sanda labarin dashen huhu ya fito a jarida, hoto biyu ake nuna mana: babban likitan tiyata cikin koren kaya, da majinyaci yana murmushi a kan gado. Ba a nuna ma'aikaciyar jinyar da ta kwana tana gyara na'urar numfashin mutumin da ya riga ya cika, ba a kuma nuna wanda ya rungumi akwatin sanyi daga wani gari zuwa wani. Ra'ayina shi ne, a hannun waɗannan mutanen ake fara yin nasarar dashen ko a fara rasa ta, tun wuƙa ba ta taɓa ƙirjin mai karɓa ba. Saboda haka asibitin da ke son ƙara yawan waɗanda yake ceto ya kamata ya fara zuba kuɗi da horo a waɗannan sa'o'in, sannan ya waiwayi na'urori masu tsada.

Ga dalilin da ya sa maganar take da nauyi. A ƙasashen da ake wannan aiki, cikin mamata biyar da aka amince a ɗauki sassan jikinsu, huhun kusan mutum ɗaya kaɗai ake iya dasawa. Sauran a kan duba su a ce sun lalace, alhali sau da yawa an ɗauki ƙoda da hanta daga jikin mutumin nan an dasa lafiya. A ɗaya ɓangaren kuma ga mutane a layi, wasu sun shekara ba sa iya taka matakala uku ba tare da tukunyar oksijin ba, wasu kuma suna mutuwa kafin layi ya zo kansu. Amurka, duk da arzikinta, sai a 2023 ta haura dashen huhu dubu uku a shekara guda. Don haka kowane huhun da ya lalace a hanya, ran wani ne da ke jira.

Tarihin aikin ma ya nuna tsaurinsa. A watan Yunin 1963 Dakta James Hardy ya yi dashen huhu na farko a jikin ɗan'adam a jami'ar Mississippi, majinyacin ya yi kwana 18 ya rasu. Aka shafe shekara ashirin ana gwadawa ana faɗuwa, sai a watan Nuwamban 1983 Dakta Joel Cooper da abokan aikinsa a birnin Toronto na Kanada suka dasa wa wani mutum huhu guda ya rayu da shi fiye da shekara shida. A lokacin dashen ƙoda ya kusa shekara talatin da kankama. Huhu ya zo a baya ne saboda laushinsa, kuma wani babban ɓangare na laushin yana tattare da wani abu da ido ba ya gani.

Wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci ya san huhu ya sha bamban da sauran kayan ciki. Ba shi da nauyi, in ka jefa shi a ruwa yana tasowa, domin cike yake da 'yan jakunkunan iska, ɗaruruwan miliyoyi a jikin baligi. Da za a shimfiɗa bangonsu gaba ɗaya da ya kai murabba'in mita saba'in ko kusa da haka, kuma ta wannan siririn bango oksijin ke shiga jini. Matsalar ita ce cikin jakunkunan a jiƙe yake, ruwa kuwa yana da halin jan junansa. Ka ɗauki leda mai laushi ka jiƙa cikinta, sannan ka yi ƙoƙarin buɗe ta, za ka ga yadda take mannewa. Da babu abin da ke hanawa, haka jakunkunan nan za su riƙa mannewa duk sanda muka fitar da numfashi, kowace shaƙa ta zama kamar busar farko ta sabuwar balan-balan.

Abin da ke hana hakan shi ne wani siririn maiƙo da wasu ƙwayoyin halitta na bangon jakunkunan suke haɗawa suna shimfiɗawa a kan ruwan. Likitoci suna kiransa safaktan, ni kuma zan riƙa cewa maiƙon huhu. Kusan kashi 90 cikin ɗari na shi nau'in kitse ne, sauran kuma furotin. Aikinsa ya yi kama da na sabulu a ruwa, yana karya wancan jan junan don jakar ta zauna a buɗe. Wani likita a Suwizalan, Kurt von Neergaard, ya fara hango muhimmancin jan ruwan a 1929. Richard Pattle a Ingila da John Clements a Amurka suka tabbatar da samuwar maiƙon a tsakiyar shekarun 1950. A 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead suka nuna cewa rashinsa ne ke kashe bakwaini da yawa a kwanakinsu na farko. Wannan cuta ce ta kashe jaririn shugaban Amurka John Kennedy a watan Agustan 1963, wata biyu bayan dashen Hardy. A 1980 Tetsuro Fujiwara a Japan ya ɗura wa bakwaini goma maiƙon da aka tace daga huhun shanu, numfashinsu ya gyaru, daga nan maganin ya bazu a duniya.

To me ke faruwa da wannan maiƙo a jikin wanda za a ɗauki huhunsa? Akasarin masu bayarwa mutane ne da ƙwaƙwalwarsu ta mutu sakamakon haɗari ko zubar jini a kai, na'ura ce ke busa musu iska a ɗakin kulawa ta musamman, wanda mu kan kira gobe-da-nisa. Mutuwar ƙwaƙwalwa da kanta tana tayar da hawan jini mai tsanani da kumburi, har ruwa ya tsattsafo cikin huhu. Wani ya shaƙi amai a wurin haɗarin, wani ya kamu da ciwon haƙarƙari saboda bututun da ke maƙogwaronsa. Ruwan da ake ƙara masa don a kare ƙoda, shi ma yana iya cika huhu. Da zarar furotin na jini ya shiga jakunkunan, sai ya dagula maiƙon ya hana shi aiki. Daga nan jakunkuna su fara mannewa, na'ura ta riƙa buɗe su da ƙarfi suna sake rufewa sau dubbai, bangon ya ƙara yagewa, ruwa ya ƙara shiga. Haka abin ke ta zagayawa har huhun da ke lafiya ranar Litinin ya zama abin jefarwa ranar Laraba.

Ga hujjata ta farko. A 2010 mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa wani gwaji da Dakta Luciana Mascia ta birnin Turin ta jagoranta a ɗakunan kulawa ta musamman guda 12 a Italiya da Sifen. An raba masu bayarwa 118 gida biyu. Rukuni ɗaya an bar su a kan tsarin da aka saba. Ɗaya rukunin kuma aka rage yawan iskar da na'ura ke turawa a kowace busa, daga mililita 10 zuwa 12 a kowane kilo na nauyin jiki aka dawo 6 zuwa 8, aka ƙara ɗan matsin da ke rage wa a huhu bayan fitar numfashi don kada jakunkuna su rufe, aka kuma daina cire bututu haka kawai yayin zuƙe majina ko yayin gwajin tabbatar da mutuwa. Bayan sa'a shida, kashi 95 cikin ɗari na wannan rukuni huhunsu ya cancanci dashe, a tsohon tsari kuwa kashi 54. Waɗanda aka ɗauki huhunsu a zahiri suka ninka, daga kashi 27 zuwa 54. Ba a sayi sabon magani ba, ba a shigo da sabuwar na'ura ba. Maɓallan na'urar da ke ɗakin aka murɗa. Abin takaicin shi ne an dakatar da gwajin kafin ya kai inda aka tsara saboda kuɗin gudanar da shi ya ƙare. Wani gwaji makamancinsa da aka yi daga baya a Amurka bai samu irin wannan tazarar ba, don haka ba zan ce kowane asibiti zai ninka nasa ba. Amma tsari ne da ba ya cin ko kwabo, kuma bai nuna cutarwa ga waɗanda aka dasa wa huhun ba. Asibitin da bai gwada shi ba tukuna, ban ga hujjarsa ta kukan ƙarancin huhu ba.

Hujja ta biyu tana cikin akwatin tafiya. Hausa ta ba mu kalma ɗaya ga abu biyu, huhun ƙirji da huhun goro, kuma duk wanda ya san fataucin goro ya san ba yawan kuɗin da ka saya ne ke kai shi kasuwa da kyau ba. Ganyen da ka naɗe shi da shi ne, da ruwan da kake yayyafawa, da kiyaye shi daga zafi da bushewa. In ka yi sakaci ka isa da huhun ma'ahu. Haka na ƙirjin yake. Kafin a cire shi a kan wanke jijiyoyinsa da wani ruwa mai sanyi. A da ana amfani da ruwan da aka ƙirƙira don ƙoda, mai yawan sinadarin fotashiyam, wanda ke sa jijiyoyin huhu su tsuke. Daga baya aka koma mai ƙarancin fotashiyam da aka haɗa da wani nau'in sukari, irin wanda ake sayarwa da sunan Perfadex. Ana kuma wankewa ta baya, daga jijiyoyin da ke fita, don a kore gudajin jini. Sannan a hura huhun daidai wa daida, a datse maƙogwaron da iskar a ciki. Wannan hurawar tana da amfani biyu: ƙwayoyin halittar suna ci gaba da shan oksijin ɗin da aka rufe musu ko da babu jini, kuma jakunkunan ba sa mannewa su ɓata maiƙonsu. In an cika hurawa kuma, bangon ya yage, musamman a jirgin sama inda iskar da ke ciki ke ƙara buɗewa. Duk wannan aikin hannu ne da lura, na matashin likitan da aka tura wani gari da tsakar dare.

Sai batun sanyi. Shekaru da dama ƙa'idar ita ce a saka huhu cikin ƙanƙara, ana ƙiyasta digiri 4 a ma'aunin salshiyas, a kuma dasa shi cikin sa'a shida zuwa takwas. Wannan ne ya sa ake tiyatar da ƙarfe uku na dare da gajiyayyun ma'aikata, ya kuma sa ake ƙin huhun da ke nesa. Amma tun ƙarshen shekarun 1980 gwaje-gwaje a kan dabbobi suka nuna digiri 10 ya fi 4 alheri ga huhu. Aka bar binciken a ajiye kusan shekara talatin, domin ƙanƙara tana da sauƙin samu kuma kowa ya saba da ita. Sai a 2021 masu bincike a Toronto, ƙarƙashin Dakta Marcelo Cypel, suka nuna huhun alade da ya yi sa'a 36 a digiri 10 ya fi na ƙanƙara lafiya nesa ba kusa ba, saboda ɓangaren ƙwayar halitta da ke samar mata da ƙarfi bai lalace ba. A 2023 aka wallafa gwaji a kan majinyata 70 a Toronto da Biyana da Madrid, inda huhun da aka ciro da dare aka ajiye shi a digiri 10 har gari ya waye, sannan aka dasa. Sakamakon bai gaza na tsohuwar hanya ba duk da ƙarin sa'o'in. Abin da aka buƙata firiji ne mai riƙe ma'auni ɗaya. A nan ma abin da ya tsaya a hanya shekara da shekaru sabo ne, kuɗin kuwa ƙalilan ne.

Na san abin da wani zai ce: in maiƙon ne ke lalacewa, me zai hana a ɗura na kwalba kamar yadda ake yi wa bakwaini? An gwada. A shekarun 1990 masu bincike a birnin London na lardin Ontario sun yi ta gwadawa a kan dabbobi suna ganin alamun amfani, daga baya aka yi ƙananan gwaje-gwaje a kan mutane a Jamus da Isra'ila, wasu ma'aunan numfashi suka gyaru. Amma mutanen da aka gwada a kansu 'yan gomomi ne, kuma har yau ɗura maiƙo bai zama ƙa'idar da kowace cibiya ke bi ba. Dalilin a fili yake. Bakwaini huhunsa bai fara haɗa maiƙon yadda ya kamata ba ne, in ka ba shi na kwana biyu sai nasa ya kankama. Huhun baligin da ya ji rauni kuwa yana da maiƙon, ruwan jinin da ya tsattsafo ne ke kashe shi, kuma zai kashe wanda ka ɗura ma. Ga shi ana auna maganin da nauyin jiki, abin da ya ishi jariri mai kilo ɗaya sai an ninka shi sau saba'in ga babba. Zuba ruwa a tulun da ya tsage ke nan. Rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin a nan shi ne a kare ƙwayoyin da ke haɗa maiƙon, a hana jakunkuna mannewa tun farko.

Wani kuma zai kawo na'urar da ke rayar da huhu a wajen jiki, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi da ba zan raina ba. Farfesa Stig Steen na birnin Lund a Suwidin ya buɗe hanyar, inda a 2001 ya wallafa labarin huhun da ya gwada a wajen jiki kafin ya dasa. Ƙungiyar Dakta Shaf Keshavjee a Toronto ta faɗaɗa aikin: a sa huhu cikin wani murfi, a ɗumama shi zuwa zafin jiki, a zagaya masa da ruwa na musamman, a busa masa iska na tsawon sa'a huɗu ana auna shi. A 2011 suka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine cewa majinyata 20 da aka dasa wa huhun da a da za a yi shakkar sa sun samu sakamako daidai da na sauran. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma akwai mutane da ke numfashi yau saboda shi. Abin da nake cewa shi ne a san matsayinsa a layi. Na'urar tana buƙatar ƙwararru da kayan da ake jefarwa bayan amfani ɗaya, kuma cibiyoyi ƙalilan ne ke iya riƙe ta. Aikinta tantance huhun da aka yi shakka a kansa da farfaɗo da wanda ya ɗan taɓu. Asibitin da ya saye ta alhali ɗakinsa na gobe-da-nisa yana ci gaba da lalata huhu da muguwar busa, yana biyan kuɗi mai yawa ne don gyara ɓarnar da zai iya hanawa kyauta. Haka nake kallon jirgi mara matuƙi da ya ɗauki huhu tsakanin asibitoci biyu a Toronto cikin minti shida a watan Satumban 2021. Abin burgewa ne, amma mintunan da ya rage ba su kai sa'o'in da digiri 10 ya ƙara ba.

Akwai tambaya ta uku da ta fi waɗannan nauyi a zuciya: shin daidai ne ma'aikatan jinya su riƙa kallon mara lafiya a matsayin ma'ajiyar kayan dashe? In har kulawar ta fara karkata zuwa amfanin wani alhali mai jikin yana da rai, to an shiga haɗari, kuma jama'a na da gaskiya in suka ji tsoro. Shi ya sa ƙa'ida ta raba likitocin da ke tabbatar da mutuwa da likitocin dashe. Gwajin Mascia ma bayan mutuwar ƙwaƙwalwa aka fara shi. Kuma busa mai sauƙi da ke kare huhu ita ce dai aka san ta fi alheri ga mai rai da huhunsa ya ji rauni, don haka babu karo tsakanin kula da majinyaci da kare abin da zai iya bayarwa. Bayan an tabbatar da mutuwa, iyali sun haɗiye baƙin cikinsu sun ce a ɗauka, ni a ganina cin amanarsu ne a bar kyautar ta lalace saboda wani ya cire bututu ba bisa ƙa'ida ba. Ƙasar Sifen, wadda ta daɗe tana kan gaba a duniya wajen ba da sassan jiki, ta gina nasararta ne tun 1989 a kan horar da jami'ai a cikin kowane asibiti, yawancinsu likitocin ɗakin kulawa ta musamman. Mutane ta fara horarwa.

Dole a faɗi iyakar maganar. Kyakkyawar ajiya ba ta warware komai. Tana rage raunin da ke bayyana a sa'a 72 na farko bayan dashe, wanda shi ne babban makashi a watan farko. Amma jiki yana ci gaba da yaƙar baƙon huhun a hankali, kuma huhu ne sashen da ke shaƙar ƙura da ƙwayoyin cutar duniya kai tsaye. Shi ya sa kusan rabin manyan da aka yi wa dashen ne ke haura shekara shida zuwa bakwai, abin da ya gaza na ƙoda da hanta da zuciya. Sai dai bincike ya nuna huhun da ya ji mummunan rauni a kwana ukun farko ya fi saurin faɗawa wannan ƙin karɓar na daga baya. Ke nan abin da aka yi a daren farko yana bin mutum har shekaru.

Mu a nan, dashen ƙoda ne aka fi sani, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano yana yin sa tun 2002. Amma darasin maiƙon huhu ya shafe mu ta ƙofar ɗakin haihuwa. Tun 1972 Graham Liggins da Ross Howie a ƙasar New Zealand suka nuna cewa allurar da ake yi wa mai cikin da haihuwa ta zo mata da wuri tana sa huhun jariri ya gaggauta haɗa nasa maiƙon. A 2020 wani gwaji na Hukumar Lafiya ta Duniya a asibitocin ƙasashe biyar, har da Najeriya, ya tabbatar allurar deksametazon mai araha tana rage mutuwar bakwaini in an ba da ita a inda ya dace, a asibitin da ke iya kula da uwa da jariri. Tunanin ɗaya ne da na Turin da Toronto: taimaka wa huhu ya riƙe nasa ya fi sauƙi da araha a kan sayo masa na kwalba.

Don haka in aka ba ni zaɓin inda cibiyar dashe za ta fara kashe kuɗinta, zan ce ta horar da ma'aikatan gobe-da-nisa na ƙananan asibitocin da ke kewaye da ita, ta rubuta ƙa'idar busa da wankewa da hurawa a kuma riƙa bibiyar ko ana bi, ta sayi firijin da ke riƙe digiri 10, ta ɗauki nauyin manyan gwaje-gwaje a kan waɗannan hanyoyi masu araha da babu kamfanin da zai ci ribarsu balle ya biya. Bayan nan sai na'urar rayarwa ta zo ta kama ragowar. Wanda yake ganin na'urar ce ya kamata ta zo farko, ina son jin hujjarsa, musamman ma'aikatan lafiya da ke cikinmu waɗanda suka san ɗakin gobe-da-nisa daga ciki.